Lenovo M720q ta hannu ko sabuwar mai N100: wacce zaka ce ɗan'uwa ya saya ba tare da ka zama makanikensa ba

Duk wanda aka sani a dangi da cewa ya iya kwamfuta ya san tambayar nan ta "wacce zan saya mai sauƙin kuɗi?" Tambayar ƙarama ce amma tana da jela, domin daga ranar da ka ambaci sunan wata kwamfuta kuma aka saya, toh a idon mai ita ta zama taka, in ta yi nauyi kai za'a kira, in firinta ta ƙi fitar da takarda kai ne, in an manta fasuwod kai ne dai. Shi yasa ni in zan auna kwamfutar da zan ce kawu ko goggo ko ƙanwata su saya, ba saurinta nake fara dubawa ba, abunda nake fara tambayar kaina shine sau nawa za ta sa a nemeni bayan an kaita gida. Da wannan ma'aunin zan yi magana akan ƙananan kwamfutocin tebur ɗin nan da basu wuce ka ɗauka da hannu ɗaya ba, iri biyu da na zauna dasu na kuma haɗa ma mutanena, sai wasu biyu da zan taɓa a gurguje.

Ta farko, wadda kuma ita nake fifitawa, itace Lenovo ThinkCentre M720q ta hannu. Ta fito ne a 2018, don ofisoshi aka yita, girmanta lita ɗaya ne kacal, kuma tana da 'yan uwa a sauran kamfanoni, Dell OptiPlex 3060 Micro da 7060 Micro, da HP EliteDesk 800 G4 Mini, duk tafiyarsu ɗaya don haka wadda ka samu mai lafiya a cikinsu ka ɗauka kawai. Dalilin arharsu ba wai lalacewa suka yi ba, manyan ma'aikatu ne suke sayensu da yawa su yi aiki dasu 'yan shekaru sannan su sallamar dasu gaba ɗaya su kawo sababbi, sai kasuwar kayan hannu ta cika dasu. Wadda take da furosesa, wato injin da ke yin lissafin kwamfuta, i5-8400T ko i5-8500T tana da kwakwalwa shida masu raba aiki a tsakaninsu, wat 35 aka tsara mata, kuma wallahi ga mai buɗe burauza da Word da Excel da YouTube da kiran bidiyo bazai taɓa jin ta gaza ba in dai RAM ɗinta, wato wajen riƙe abunda ake aiki dashi a lokacin, ya kai 16GB kuma SSD, ma'ajiyar fayil mai sauri, ne a ciki. 8GB ma zai yi aiki amma ni 16 nake cewa, saboda mutanenmu basa rufe shafi a burauza, zaka samu sun jera su har ba'a iya karanta sunayensu.

Abunda yasa nake sonta ba ƙarfin bane kaɗai. An yita ne don ma'aikacin da yake kula da kwamfutoci ɗari ya iya gyarata cikin minti kaɗan, sukuru ɗaya ne a baya, ka kwance ka zame murfin sama da na ƙasa shikenan komai na gabanka, ramin RAM guda biyu, wajen SSD na M.2, da wajen faifai mai inci 2.5. Lenovo sun saka littafin gyaranta a shafinsu kyauta da duk direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke sa kayan cikinta su yi aiki, da sabuntawar BIOS, manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows, Dell da HP ma haka suke. Ma'anar wannan a wajenka kai mai bada shawara shine duk wani mai gyaran kwamfuta ya santa, kayanta suna samuwa, caja ta mutu a samu wata, fanka ta fara ƙara a canza. Kaga kenan ba dole sai kai ba, kuma wannan "ba dole sai kai ba" ɗin shine rabin abunda muke nema.

Amma akwai rami a wajen sayen, kuma inaso a kula sosai da nan. Sunayen suna kama da juna ƙwarai. M710q da M720q lamba ɗaya ce ta rabasu, a ido kusan iri ɗaya suke, amma M710q tana ɗauke da furosesa na ƙarni na 6 ko na 7 na Intel, shi kuma Windows 11 a hukumance daga ƙarni na 8 yake farawa, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Haka OptiPlex 3050 da 7050, haka EliteDesk 800 G3, duk sun faɗa wancan ɓangaren. Microsoft ta daina tallafa ma Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, ƙarin wa'adin tsaro da ta bada ma masu amfanin gida na ɗan lokaci ne kawai, don haka masu sayarwa da yawa suna ɗora Windows 11 da dabara akan tsofaffin su rubuta "Windows 11" a talla, kuma zata tashi lafiya lau ranar farko. Matsalar sai babbar sabuntawa ta shekara ta zo ta ƙi sauka da kanta, lokacin sai an nemi wanda zai zauna ya yi da hannu, kuma ka san wanda za'a nema. Hanya mai sauƙi ta ganewa, ka dubi lambar farko bayan i5 ɗin, in 8 ce ko 9 toh madalla, in 6 ce ko 7 ka barta komai arharta, sai dai in ba Windows zaka saka mata ba, zan zo kan wannan.

Sauran abubuwan da za'a tambayi mai sayarwa kafin a biya: akwai Wi-Fi a ciki? Da yawansu babu, domin a ofis da kebul ake haɗasu, kuma wannan shine abu na farko da zai sa a kiraka daren da aka kawota. Cajar asali ce ko ta kwaikwayo? An saka ma BIOS fasuwod an manta ba'a cire ba? Sannan a dubi ramin hoto a baya, M720q tana da HDMI da DisplayPort, amma 7060 Micro da EliteDesk galibi DisplayPort biyu ne, in talabijin za'a haɗa ko tsohuwar monita sai an sayi kebul mai juyawa. Ba wani abu bane mai wuya amma gara a sayo shi rana ɗaya da kwamfutar. Kuma tunda ta kwana biyu a duniya, ni ina buɗeta in hure ƙurar fanka in canza ƙaramin batirin CR2032 na agogo tun kafin ta bar hannuna, domin in ya mutu kwanan wata ya rikice sai shafukan intanet su fara kawo gargaɗin tsaro, mai ita kuma ya tsorata ya ɗauka an yi masa kutse.

Ta biyu sune sababbin nan masu furosesa Intel N100, irin Beelink Mini S12 Pro da makamantanta daga GMKtec da Minisforum da sauransu. N100 ya fito a farkon 2023, kwakwalwa huɗu, wat 6 kawai, daga baya aka fito da N150 wanda kusan abu ɗaya ne da ɗan ƙarin gudu. Gaskiya zan faɗa, suna burgeni. Sun fi M720q ƙanƙanta, basa shan wuta, da kyar zaka ji ƙararsu, Wi-Fi da Bluetooth suna ciki, HDMI biyu galibi, kuma suna iya kunna bidiyo na AV1, wani tsarin matse bidiyo da YouTube ke amfani dashi, da kansu wanda furosesa na ƙarni na 8 baya yi sai ya wahala, don haka a kallon YouTube zalla N100 ta ma fi sanyi. Sabuwa ce kuma a kwalinta, wanda wannan yana da muhimmanci wajen wasu 'yan uwa da basa son a ce musu kayan hannu. A aiki mai nauyi i5-8500T ta fi ta, musamman lokacin da Windows ke sabunta kansa a bayan fage ga Defender, anti-bairos ɗin Windows, na bincike ga burauza a buɗe, nan zaka ji N100 tana nishi, RAM ɗinta ma layi ɗaya yake bi ba biyu ba, wanda ke rage gudu. Amma ga aikin yau da kullum ta isa.

Abunda ke sa ni ja da baya ba furosesan bane, abunda ke kewaye dashi ne. Ƙananan kamfanoni masu haɗa irin waɗannan sun yi yawa, samfuri ya fito yau bayan wata shida an canza masa suna, sabuntawar BIOS ba kasafai take zuwa ba, direbobi wani lokaci sai ka bi wani mahaɗin sauke fayil ko dandalin tattaunawa kafin ka samu, SSD da RAM na ciki sau da yawa na kamfanin da baka taɓa jin sunansa bane, garanti kuwa in akwai ma sai an mayar da kaya can nesa. A farkon 2024 har an samu wani kamfani cikinsu da wasu kwamfutocinsa suka fito daga masana'anta da manhajar leƙen asiri a cikin Windows ɗin, kuma sun amsa hakan. Ba cewa nake duk haka suke ba, sam, amma tun daga nan duk wadda ta biyo ta hannuna sai na goge ta na ɗora Windows sabo daga shafin Microsoft. Kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa, in kai ne da kanka zaka yi amfani da ita kuma kana jin daɗin taɓe-taɓe toh bismillah, amma in goggo ce mai nisan gari wadda in abu ya tsaya sai ta jira ka, ni M720q nake cewa. In kuwa dole sai sabuwa, a saya daga wajen da ke karɓar kaya a mayar da kuɗi ba rigima, kuma a guji duk wadda aka rubuta 4GB ko 64GB eMMC, wannan ma'ajiyar tana cika da sabuntawar Windows kaɗai.

Mac mini ta Apple mai furosesa M4 da ta fito a Nuwamba 2024 ita kam ba'a magana, tsawonta da faɗinta santimita 12.7 ne, tana farawa da RAM 16GB, shiru take, kuma wanda na sani da ita ba ya kira. Sai dai ta fita daga sahun masu arha, bata da ramin USB babba irin na da don haka tsohon kibod da filashi sai da adafta, ba'a ƙara mata RAM, kuma wanda ya saba da Windows shekara da shekaru zai yi makonni yana tambayarka ina kaza yake. Ga wanda ke da iPhone kuma aljihunsa zai ɗauka, eh. Raspberry Pi kuma, 'yar ƙaramar kwamfutar nan ta allo guda, dan Allah kar ka bawa ɗan'uwa a matsayin kwamfutar gida, abun koyo ne mai kyau ƙwarai ga yaro mai son sani, amma in ka miƙa ma kawu ka ɗaura ma kanka aiki.

Yanzu ga inda nake ganin mutane basa tsayawa su yi tunani. Yawancin kiran da ake maka ba ƙarfen bane ya lalace, abunda ke gudana a kansa ne. Don haka kafin a yi maganar wacce za'a saya, ka tambayi mutum me yake yi da kwamfuta, kuma kar ka yarda da "komai da komai", ka ce ya lissafa maka na satin da ya wuce. Mafi yawa zaka ji imel, Facebook, WhatsApp a burauza, YouTube, cike fom, rubuta wasiƙa. Mai irin wannan baya buƙatar Windows kwata-kwata. ChromeOS Flex, madadin Windows da Google ta saki a 2022, kyauta ne, ana ɗora shi akan tsofaffin kwamfutoci har da waɗancan na ƙarni na 6 da 7 da na ce a bari, yana sabunta kansa ba tare da ya tambayi kowa ba, ba'a iya sauke manhajar Windows a kai balle a sauko da bairos, in kuma abu ya rikice sosai ana mayar dashi sabo a sake shiga da asusun Google duk abunda ke cikin asusun ya dawo. Ka dai duba jerin samfuran da Google ta tantance kafin ka ɗora. Iyakarsa kuma ka faɗa ma mai ita tun farko, babu Play Store a Flex, babu Word da Excel na saukewa sai na burauza, duk wata manhajar aiki ta musamman ta Windows bazata yi ba. In ana son sabuwa a kwali akwai Chromebox, ƙaramar kwamfutar tebur mai zuwa da ChromeOS, kuma tun 2023 Google ta ce na'urorin ChromeOS da suka fito daga 2021 zuwa sama zasu samu sabuntawa na shekara 10. Linux Mint, wani madadin Windows na kyauta, shi ma yana da kyau, na 22 yana da tallafi har 2029, amma ka sani in ka ɗora shi kai kaɗai ne ka san shi a gidan, maƙwabci bazai iya taimakawa ba.

Wanda kuma dole sai Windows, akwai aikin zama ɗaya da nake yi wanda yake rage kira sosai. Asusun shiga Windows biyu nake buɗewa, ɗaya na mai iko ɗaya na amfanin yau da kullum wanda baya iya saka manhaja sai da fasuwod, kuma fasuwod ɗin mai kwamfutar nake bawa a rubuce, ba riƙewa nake ba, kayansa ne, amfanin kawai ya tsaya ya yi tunani kafin ya danna "eh", yara kuma su kasa cika ta da wasannin bogi. Bana saka wani anti-bairos na daban, Defender da ke ciki ya isa, na gwaji ɗin nan da suke zuwa da sabuwar kwamfuta cire su nake domin bayan wata ɗaya zasu fara tsoratar da mutum da jan rubutu suna neman kuɗi. Ina saka mai toshe talla, uBlock Origin a Firefox ko uBlock Origin Lite a Chrome tunda Chrome ya daina ɗaukar cikakken, sannan in kashe izinin da shafuka ke nema na turo sanarwa, domin mafi yawan "bairos ya shiga" da ake kirana akai sanarwar wani shafi ce kawai da aka danna ma "yarda" ba'a sani ba. Kuma ina faɗa da baki, in rubutu ya cika sikirin yana cewa a kira wata lamba wai Microsoft ce, ƙarya ne, saƙon kuskure na Microsoft baya zuwa da lambar waya, a kashe kwamfutar kawai a sake kunnawa.

Maganar asusu ita ce wadda nafi damuwa da ita. Kar ka taɓa buɗe ma ɗan'uwa kwamfuta da imel ɗinka ko lambar wayarka don ka yi sauri. Asusun Microsoft ko na Google ya zama da sunansa da lambarsa, a rubuta fasuwod a ƙaramin littafi ya ajiye inda yake ajiye takardunsa masu muhimmanci. Windows 11 na yanzu yakan kulle faifai da BitLocker da kansa in an shiga da asusun Microsoft, makullin ceto kuma a wannan asusun yake zama, toh in asusun ya ɓace kuma wata rana kwamfutar ta nemi makullin, hotunan jikoki da takardun shekaru sun tafi, ba mai gyaran da zai iya dawo dasu. A kwafi makullin a littafin nan. A kuma kunna ajiyar fayil a intanet, Google na bada 15GB kyauta OneDrive 5GB, ga takardu sun isa, hotuna kuma a samu faifai na waje.

Sai magana tsakaninka da mai sayen, wadda ita ce mai nauyi a baki amma dole a yita tun kafin kuɗi su fita. Ni bana karɓar kuɗin mutum in je in sayo masa, ina bashi sunan samfuri da abubuwan da zai duba a rubuce, shi ya biya da kansa, rasit da garanti da sunansa, domin in ta hannunka ta biyo toh kai ne shagon. Ina cewa a fili, "Yaya, zan haɗa miki ita in saita komai yadda ya kamata, amma in ƙarfe ya samu matsala wajen mai sayarwa ko mai gyara za'a kai, ni bani da kayan aikin." Ba wanda ya taɓa jin haushin wannan in an faɗa da ladabi tun farko, abunda ke ɓata zumunci shine ka yi shiru da farko sannan daga baya ka fara ƙin ɗaga waya. A kusan kowane gida kuma akwai wani yaro ko yarinya mai kaifin kai da waya, ka zaunar dashi ranar da kake saitawa ya gani, ka nuna masa abu uku, kashewa da kunnawa, duba kebul, da ɗaukar hoton saƙon da ya fito a sikirin. Hoton nan kaɗai yana maida kiran rabin awa ya zama saƙo guda.

Iyaye kam daban ne, ni bana neman hanyar kauce ma Baba ko Inna, haƙƙinsu ne, kuma sau da yawa kiran kwamfutar ma dalili ne na a ji muryarka. Abunda nake yi musu shine in sauƙaƙa ma kaina taimakon, Quick Assist yana cikin Windows, ka karanto musu lamba su shigar ka ga sikirin ɗinsu daga inda kake, Chrome Remote Desktop ma yana yin irin wannan aikin a ChromeOS. Amma ina jaddada musu cewa wannan ƙofar ni kaɗai za'a buɗe ma, duk baƙon da ya kira yace a bashi lamba ko a saka wata manhaja don ya gyara, a kashe wayar, domin da irin wannan hanyar 'yan damfara suke shiga.

Akwai inda ƙaramar kwamfutar tebur bata dace ba ko kaɗan, kuma gara ka faɗa. Bata da batir, wuta na ɗaukewa ta mutu nan take da duk abunda ba'a ajiye ba, don haka inda wuta bata tsayawa sai da ƙaramin UPS mai riƙe wuta na ɗan lokaci, in ba haka ba laftof ya fi. Bata zuwa da monita ko kibod ko maus ko kyamara, in mutum bashi da ko ɗaya a gida sai a haɗa lissafin duka kafin a ce tana da arha. Ɗalibi mai yawo da ita aji, laftof. Mai son manyan wasanni ko tace bidiyo, ba wannan layin bane. Amma ga wanda ke zaune wuri ɗaya tafi laftof kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, ba batirin da zai kumbura, ba murfin da zai karye, ruwa ya zube a kibod a sayi wani kibod ɗin kawai, manyan mutane kuma su samu babban sikirin da idonsu zai huta. Da yawansu ma ana ɗaure su a bayan monita da ƙarfen VESA su ɓace daga tebur gaba ɗaya, kebul ma ba mai taɓa shi.

Firinta kuma, in an tambayeka, ka ce leza mai baƙi da fari, a haɗata da kebul na USB ba Wi-Fi ba. Mai tawada in ta zauna sati biyu uku ba'a buga komai ba sai bakinta ya bushe, ta Wi-Fi kuma duk ranar da aka canza rauta ko fasuwod ɗinsa sai ta ɓace daga kwamfutar. Hodar leza bata bushewa ko ta yi watanni a ajiye, kuma in ChromeOS ne a gidan a tabbatar samfurin yana cikin waɗanda yake ganewa kafin a biya.